Oba-oba a fadamar Argungu, abin da na gani bayan noman rani biyu

Jama'a masu tambayata kan rediyon oba-oba ɗin nan da muke riƙewa a gona, yau dai bari in zauna in yi bayani gaba ɗaya, don na gaji da amsa wa mutum ɗai-ɗai, wani ya tare ni bakin masallaci wani a wurin mai shayi, kowa tambayarsa guda, wai tana aiki kuwa ko kwalliya ce. Tana aiki wallahi, kuma ban yi nadamar kuɗina ba, amma akwai abubuwan da in ba ka sani ba za ka lalata ta cikin sati guda, ko ma ka ja wa kanka fitinar da ta fi asarar kuɗin.

Gonar shinkafarmu na cikin fadama nesa kaɗan da Argungu, kuma duk wanda ya san wurin ya san matsalar sabis, ka ga sanda ɗaya a waya ka danna kira ta ɓace. Lokacin ban ruwa inji na can bakin rijiya, masu juya ruwa cikin fangali na can wani ƙarshen, tiyo ya fashe ko ruwa ya cika yana neman karya kunya sai yaro ya sheƙa da gudu cikin taɓo ya je ya ce a kashe inji, kafin ya kai an ƙone man da bai kamata a ƙone ba, kuma kun san yadda fetur ya koma tun da anka cire tallafi a 2023. Tunanin sayenta ya fara zo min tun Satumbar 2021 da anka katse layukan waya a Zamfara, 'yan uwanmu na can sunka yi makonni ba a ji daga gare su ba, a nan na gane cewa waya komai tsadarta in babu ƙarfen sabis kusa to ta zama tocila kawai. Ita kuwa oba-oba daga hannunka zuwa hannun ɗan uwanka saƙon ke tafiya kai tsaye, ba sim, ba kati, ba data.

Wadda na saya Baofeng ce samfurin BF-888S, ƙirar Sin, guda huɗu na ɗauko a wani shago a Birnin Kebbi. Kowace da eriyarta, da batir, da cajar da ake tsayar da ita a ciki, da abin maƙalawa a ƙugu da abin kunne. Tasha 16 gare ta, tana aiki kan mitar rediyo tsakanin megahaz 400 zuwa 470, ba ta da allo ba ta da lambobin dannawa, sama akwai abin murɗawa guda biyu, ɗaya na kunnawa da ƙara murya ɗaya na canza tasha, in ka murɗa murya ce ke faɗa maka lambar tashar da Turanci. Gefe kuma babban madanni na magana, ga 'yar tocila a ka wadda ta yi mana amfani ƙwarai da dare wajen duba man inji da macizai kan kunya. Rashin allon nan da wasu ke rainawa ni shi ya fi burge ni, don Kawu da ke gadin inji bai yi boko ba amma cikin minti biyar ya iya ta. Wani abokina na da UV-5R mai allo da lambobi, tana kama har tashoshin FM, abu ne mai kyau ga wanda ya san abin da yake yi, amma ka ba lebura ita ya yi ta danne-danne sai ya fita daga mitar da kuke ko ya faɗa mitar da ba taku ba.

To maganar nisa, nan ne ake yaudarar mutane. Mai shagon da bakinsa ya ce min daga Argungu zan yi magana da mutum a Birnin Kebbi, wannan ba gaskiya ba ne ko kusa, kilomita nawa ne tsakani. Irin wagga rediyo tana son fili ne, abin da ido zai iya hangowa, gini da tudu da itatuwa masu duhu duk suna cinye mata ƙarfi. Abin da na gwada da kaina, cikin fadama inda ba abin da ya tare muna jin juna tas kamar kilomita biyu zuwa uku, cikin gari kuwa tsakanin gidaje da kwanon rufi da kyar take cika kilomita guda kafin murya ta fara tsinkewa. In ka hau tudu ko bayan mota ka ɗaga ta sama sai ka ji ta ƙara kai, tsayi ya fi mata komai. Don haka wanda ke son magana daga gari zuwa gari ya ajiye kuɗinsa, wanda kuma aikinsa cikin gona ne ko wurin gini ko taron biki ko tsakanin shago da sito, ta ishe shi.

Yadda ake haɗa ta kuwa, ku saurara da kyau don nan munka yi asarar guda. Kafin ka kunna, ɗaura eriya tukuna, ka murɗa ta a hankali har ta zauna, kar ka matse da ƙarfin tsiya. Ranar da na kawo su gida na sa su caji na fita sallar la'asar, wani yaron gidanmu ya ɗauki ɗaya ba eriya ya yi ta danna madannin magana yana halo halo, ƙarfin da ya kamata ya fita ta eriya ya koma ciki ya dafa ta, har yau tana kunnuwa tana jin magana amma in kai ka yi magana ko mita ɗari ba ta kaiwa. Ba laifin rediyon ba ne, duk oba-oba haka take. Sannan kar a ɗauke ta ta eriya kamar an kamo wutsiyar ɓera, abin da lebura ke yawan yi kenan, ciki take karyewa ba ka gani.

Sai saiti. Daga kamfani tana zuwa da mitoci a ciki, kuma duk wanda ya sayi irinta bai canza ba to tasharku ɗaya da shi. Ana canzawa da wata igiya mai baki biyu da ake sokawa inda abin kunne ke shiga a haɗa da kwamfuta, akwai manhaja ta kyauta mai suna CHIRP da ke wannan aiki. Ni wurin wani mai gyara na kai, ya sa duka kan mita guda, ya daidaita abin da ke toshe shuuu ɗin nan in ba mai magana, ya kuma sa iyakar lokaci yadda in wani ya zauna kan madanni bai sani ba za ta yanke da kanta, don in mutum ɗaya ya danne to ya toshe wa kowa hanya. Ya kashe min wanda ke sa ta watsa magana da kanta in ta ji ƙara, don kusa da injin ban ruwa sai ta yi ta buɗewa batir na ƙonewa a banza.

Yanzu ga abin da ya sa na zauna rubutun nan tun farko. Oba-oba ba waya ba ce, ba ta da sirri ko na ƙwayar zarra. Wata ranar Alhamis lokacin yanka, tun kafin a canza mana mita, na taso daga gari kan mashin da kuɗin lebura cikin aljihu, da na shigo fadama na danna na ce wa ƙanena ya tara yara ga ni nan tafe da kuɗinsu, har na faɗi nawa ne da hanyar da zan biyo. Kafin ya amsa sai ga wata murya da ban sani ba, ta dattijo, ya ce "Malam, don Allah ka bar faɗin kuɗi a nan, mu ma muna jinka, kuma ba mu kaɗai ke da irinta ba." Na tsayar da mashin gefen hanya jikina ya yi sanyi, na ce na gode Baba Allah ya saka da alheri, ya ce amin bai ƙara ko kalma ba. Har yau ban san ko wane ne ba, ina jin wani mai gona ne can ƙetaren ruwa. Bayan nan ne na je anka canza mana mita, mai gyaran kuma ya gaya min gaskiya, ya ce lambar nan da ake sawa a ce ta sirri ce kunnenka kawai take toshewa daga jin hirar wasu, amma wanda bai sa ta ba yana jin taka sarai. Tun daga ranar munka kafa doka, ba a faɗin kuɗi, ba a faɗin buhu nawa anka samu, ba a faɗin lokacin tafiya ko hanyar da za a bi, ba ma kiran sunan juna sai dai Inji, Gabas, Yamma, Gida.

Ɗaya kuma da ke tafiya da wannan, halin tsaron da muke ciki. Tun da maganar 'yan bindigar Lakurawa ta taso wajen Augie ƙarshen 2024 idon kowa a buɗe yake, kuma kowa ya san miyagu ma na riƙe irin waɗannan rediyoyi, to mutum ya fito daga daji kan mashin da eriya ta leƙo daga aljihu me kake so jami'in tsaro ko ɗan sa-kai ya ɗauka. Kafin mu fara amfani da su na je wurin mai gari na ce ranka ya daɗe ga abin da munka sayo kuma ga dalili, ya haɗa ni da shugaban 'yan sintiri, na kuma sanar a ofishin 'yan sanda. Rasit ɗin sayen na cikin leda tare da ni kullum, in na zo shinge ni ke fara fito da ita in ce yallaɓai ta aikin gona ce. Kuma a sani mitocin rediyo a Najeriya ba na wanda ya riga ya kama ba ne, hukumar sadarwa ta ƙasa NCC da ma'aikatar sadarwa ta tarayya ke kula da rabonsu, wanda zai yi amfani da su sosai musamman ƙungiya ko kamfani ya nemi izini ta hanyar da ta dace. In ka murɗa ka ji maganar jami'an tsaro ko ta wani kamfani, bar wurin nan take, ko tari kar ka yi a kai.

Yadda ake maganar ma sai an koya. Ka danna, ka ɗan jira kamar daƙiƙa guda sannan ka fara, in ba haka ba kalmar farko ta tafi, sai ka ce kashe inji a ji inji kawai. Ka riƙe ta tsaye eriya na kallon sama, tazarar yatsu uku ko huɗu daga baki, ba sai ka yi ihu ba, eriyar kuma kar ta taɓa ido ko fuska lokacin da jar wuta ke kunne, ja na nufin kai ke watsawa kore na nufin kana karɓa. In ka gama ka ce oba ka saki, shi ne asalin sunan ma, wato na gama kai ke da magana. Mutum biyu ba sa magana tare, su Kawu sun sha wuya a nan don sun saba da doguwar gaisuwa, ina kwana ina gajiya ina iyali duk hannu na kan madanni.

Batirinta na wuni guda cur a wurinmu in ba a cika surutu ba, in ya kusa ƙarewa ita da kanta take faɗa. Amma batir ne irin na waya, zafi ne maƙiyinsa, kuma kun san ranar Maris da Afrilu a Kabi, digiri 40 abin wasa ne, kar a bar ta gaban gilashin mota ko kan murfin inji, inuwar bukka muke rataye ta. Batirin da ya kumbura a cire shi a daina caji, kar a huda kar a jefa wuta. Lokacin zuba fetur a inji kashe ta ake a ajiye nesa da jarka, ba a ƙera irin wagga don wurin tururin mai ba. Ruwa ma ba ta jurewa, mu cikin leda muke ɗaure ta a bar eriya waje kuma murya na fita lafiya lau. In hadari ya taso ana walƙiya kuma kana tsakiyar fili, kashe ka nemi mafaka. Wanda anka sa wa na'urar bugun zuciya kar ya ɗora ta a aljihun ƙirji.

Inda ta fi biya na kuɗina shi ne lokacin tsuntsayen jan-baki. Shinkafa ta fara nuna tsuntsayen nan su taso kamar hayaƙi tun kafin rana ta fito, da can sai dai ihu da kaɗa gwangwani kowa na gefensa bai san abin da ke faruwa can ba, yanzu yaron Gabas na hango su zai danna ya ce ga su nan sun nufo Yamma oba, kafin su sauka an riga an tare wurin da majajjawa. Guda uku da sunka rage suna nan suna aiki rani biyu kenan, abin kunnen ne kawai ba mu amfani da shi don gumi da ƙura, sai abin maƙalawa na ɗaya da ya karye anka ɗaura mata igiya. Bana in Allah ya kai mu zan ƙaro biyu da batir na ajiya ga kowace, ɗaya ta zauna hannun mai kwale-kwalen da ke ƙetare mana da buhuna.