Gwajin jinin farkon ciki da na yi a Kano

Likitar da nake zuwa awo wajenta ce ta tura ni wani ɗakin gwaji mai zaman kansa, saboda a cikina na fari hawan jini ya kama ni har aka yi fargabar jijjiga. Gwajin yana auna sinadarai biyu da mabiyiya ke zubawa cikin jini, PAPP-A da PlGF, tsakanin mako 11 da 13. Idan sun yi ƙasa sosai, ana zargin mabiyiya ba ta zauna da kyau ba, abin da ke iya jawo hawan jinin ciki da jijjiga.

Wurin tsaf-tsaf, ba cunkoso. Mai ɗibar jinin hannunta da sauƙi, ta auna nauyina da hawan jinina a dantse biyu, ta kwafi kwanan wata daga takardar sikanin. "Hajiya, ki danne audugar sosai," in ji ta.

Inda suka ɓata min rai shi ne jira. Ashe Legas suke aika jinin, ba wanda ya faɗa min sai da na biya kuɗin, kuma kuɗi ne masu nauyi. Ga lokaci yana ƙurewa, domin ƙaramar ƙwayar asfirin da likita ke rubutawa don rage haɗarin ta fi amfani idan aka fara kafin mako 16. Takardar sakamakon kuma lambobi ne zalla, sai da likitata ta warware min.

Wadda ta taɓa shan wahala irin tawa, zan ce ta yi, amma ta tambayi ranar karɓar sakamako kafin ta biya.