Sharhi kan darussan gwaji na tsallaken shinge da doki

Na shafe shekaru ina hawa irin na makiyayan yammacin Amurka, a kan sirdi mai nauyi da ƙaho a gabansa, kafin na shiga darussan gwaji a wata makarantar koyon hawa domin in tantance ko zan koma wasan tsallaken shinge.

Abin da ya fi burge ni shi ne haƙurin malamar, wadda ba ta bar ni na tunkari shinge ba sai da na saba da ƙaramin sirdi, da gajarta likkafa, da riƙe linzami da hannu biyu, alhali a da da hannu ɗaya nake juya doki ta hanyar jingina masa igiyar a wuya. Ta kuma bayyana dokar gasa dalla-dalla, cewa kayar da sandar shinge yana jawo wa mahayi maki 4 na laifi.

Inda makarantar ta gaza shi ne rashin duba dokina, domin da nasu dawakan aka koyar da ni, kuma har yanzu tambayar ko dokin nawa zai iya tsallake tana nan.