Hoton ido da kwalliyarsa: makro 100mm ko 50mm da bututun ƙari?

Ƙanwata, ki sayi makro ɗin, wato gilashin kyamara na ɗaukar ƙananan abubuwa daga kusa. Tsakanin Canon 100mm makro na hannu da wancan 50mm da aka ce za a haɗa miki da bututun ƙari (wanda ake sawa tsakanin gilashi da kyamara don a iya matsowa kusa), in dai idanun amaren da kike wa kwalliya kike son ɗauka, babu abin dogon tunani. Duka biyun sun shiga hannuna. Makron yana jakata har gobe, bututun kuwa ban ma san kwalin da na jefa su ba.

Bari in ba ki labarin ranar da gilashin nan ya shiga raina. Satin da na saye shi na je gida gaishe da kakata, Allah ya jiƙan ta. Na tarar da ita da hantsi a bakin ƙofar ɗakinta, ta zaro tandun kwallinta tana sawa, abin da ba ta taɓa fashinsa ba tun tasowarmu. Na ce, "Iya, ki bar ni in ɗauki idonki." Ta yi dariya ta ce idon tsohuwa me za a gani a ciki. Na durƙusa a gabanta, tsakaninmu kusan kamu guda, muna hira tana ba ni labarin jikokinta, ni kuma ina ta dannawa. Da na dawo na buɗe hoton a kwamfuta sai na yi shiru. Ga kwallin nan ƙwaya-ƙwaya a gefen fatar idon, ga ƙananan layukan da shekaru suka zana a saman fatar kamar ninkin zane, ga wani zobe mai ruwan toka da tsufa ya kewaye baƙin idon da shi. A tsakiyar idon kuma ga tsakar gidanmu gaba ɗaya: darbejiyar, igiyar shanya, da ni kaina a tsugune. Shekara da shekaru ina kallon fuskar nan, ban taɓa sanin idonta ruwan zuma ne ba sai ranar. Yau hoton yana ɗakin mahaifiyata.

Abin da ya ba ni wannan hoton tazara ce. Ido ba ya son a matse shi. Da zarar abu ya kusanto shi sai ƙiftawa, sai hawaye, sai mutum ya ɗaure fuska, fatar idon ta tattare. Gilashin 100mm yana iya ɗauko abu daidai girmansa, abin da ake rubutawa 1:1, daga nisan kusan santimita 30 tsakanin abin da jikin kyamara. Ke kuwa ba ma sai kin kai can ba. Ƙaramar sansar kyamarorin Canon irin su 700D, wato farantin da hoto ke sauka a kai, faɗinta kusan milimita 22 ne, idon mutum kuwa ya kai kusan santimita 3, kin ga a 1:1 idon ma ba zai shiga duka ba. Ke ido kike so da gira da saman fatar da kika ɓata lokaci kina haɗa mata launi, saboda haka za ki ja baya sosai, amarya ta samu sararin numfashi, haske kuma ya samu hanyar wucewa. In kin gama da idon, taku uku baya, ki ɗauki fuskar duka da ɗaurin kallabi ba tare da kin kwance komai ba.

Ki tuna hoton yarinyar nan 'yar Afganistan mai korayen idanu, Sharbat Gula, wanda Steve McCurry ya ɗauka a sansanin 'yan gudun hijira a Pakistan a 1984, mujallar National Geographic ta sa a bangonta a watan Yunin 1985. Da gilashin 105mm ya ɗauke shi, a cikin tanti, da hasken rana mai laushi. Ba makro ba ne, amma tsawon kusan ɗaya ne da wanda nake gaya miki. Idanun sun fito fes, har da aka gano ta a 2002 an yi amfani da zanen ƙwayar idonta wajen tabbatar da cewa ita ce.

Shi 50mm ba zan zage shi ba, yana da arha kuma yana fitar da fuska. Sai dai ba ya kama abu in tazararsu ta yi ƙasa da santimita 35, girman da yake bayarwa kuma kusan kashi ɗaya cikin biyar ne kawai. Idan kika ɗaura masa bututu, sai kin kai bakin gilashin kusan faɗin tafin hannu daga idon, inuwar kyamararki ta rufe hasken, kuma ba ki isa ki ja baya ki ɗauki fuska ba sai kin kwance. Ranar biki, ƙawaye na jira, mota na hon a waje, wa ke da wannan lokacin? Nawa bututun ma marasa wayar lantarki aka sayar mini, gilasan Canon kuwa da lantarki ake tsuke ƙofar haskensu, sai ya zama a wangale nake ɗauka: gashin ido ɗaya ya fito, sauran duk hazo.

Wannan maganar ta ƙofar haske ki riƙe ta ko da makron ne a hannunki. Kada ganin f/2.8 a jikinsa, wato ƙofar a wangale, ya ruɗe ki. In kin matso kusa, wurin da ke fitowa tas bai wuce 'yan milimitoci ba. Ki tsuke zuwa f/8 ko f/11, ki saita ƙwayar idon ta zama ita ce ke fitowa tas, don kyamara in aka bar ta da kanta gashin ido take cafkewa, balle an manna na kanti masu tsawo. Ki zaunar da amarya ta jingina keyarta da bango, ki ce ta rufe ido ta huta, ki ƙirga uku ta buɗe, ki danna nan take kafin ya kawo ruwa. Ki ɗauki wani kuma tana kallon ƙasa, nan ne aikin saman fatar yake bayyana.

Na san kina da fitilar zobe, duk mai kwalliya tana da ita. Wajen aiki tana da amfani, amma a hoton ido na kusa farin zoben nan zama yake daram a kan ƙwayar ya rufe abin da ake son gani. Idanunmu masu duhu ne, in haske ya zo musu kai tsaye sai su fito baƙi wuluk kamar maɓalli. In ya zo ta gefe kuwa, daga taga ko bakin ƙofa, sai ki ga zare-zare da ramuka a cikin ƙwayar, launin ya buɗe. Ki sa ta gefen taga, wata ta riƙe farin kwali a ɗaya ɓangaren. Kuma don Allah kada ki harba filasha a cikin idon mutum daga kusa.

Ba ki tambaya ba, amma sai na faɗa, don masu sayar da kayan hannu wasunsu ba sa tsoron Allah. Akwai gilasan zuƙowa irin 70-300mm da aka rubuta wa kalmar makro a jiki, za a miƙo miki a ce ai duk ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne, iyakarsu rabin girma, kuma sai kin tsaya can nesa. Ki nemi 1:1 a rubuce. Ki tafi da kyamararki, ki ɗaura ki gwada a kan idon wanda ya raka ki. Ki cire murfin gaba da na baya, ki haska fitilar waya ta ciki. In kin ga wani abu kamar yanar gizo-gizo, fumfuna ce ta damina, ki ajiye masa kayansa ko ya rantse gogewa kawai take so. Wanda kuma ya ce ki turo kuɗi a saka miki a mota kafin ki gani, ki bar shi da abinsa.

A cikin ire-iren Canon ɗin akwai biyun nan: mai jan zobe da ya fito a 2009, mai rage girgizar hannu, da tsohon da ya riga shi. Tsohon nake da shi, shi ya ɗauki Iya, kuma ya ishe ki. In kuɗin bai kai ba, ki duba Tamron 90mm makro, shi ma 1:1 ne kuma ya fi sauƙi. In shi ma bai samu ba, ki ci gaba da tarawa zuwa bayan Sallah, kada ki taɓa bututun nan.