Madubin maikiroskof: haske ya burge ni, mariƙin ya ɓata min rai

Ban sayi madubin nan da tsammanin wani abin kirki ba. Ƙwan fitilar maikiroskof ɗina ne ya mutu, ko da yana da rai ma wuta ba kullum ake samu ba. Shi ya sa na nemi madubin da zai riƙa turo hasken waje cikin na'urar. Madubin irin wanda kowa ya sani ne, mai faɗin milimita 50, fuska biyu, ɗaya shafaffiya ɗaya mai ɗan rami, a kan mariƙi na ƙarfe mai baki biyu da ake sokawa a gurbin fitila.

Ranar da ya ba ni mamaki, jinin wani yaro aka kawo, zazzaɓi ya ƙi sauka, ga shi an ɗauke wuta. Na rina jinin da Giemsa, rinin da ke fito da ƙwayar maleriya, na ja tebur gindin taga, na juya shafaffiyar fuskar ta kalli farin gajimare. Na ɗaga kwandensa, gilashin da ke tattara haske a ƙarƙashin abin da ake dubawa, har sama, na buɗe ƙofar haske, na ɗiga man dubawa a kan jinin, na sauko da gilashin 100x, mai ƙara girma sau ɗari, ina cewa a raina duhu kawai zan gani. Wallahi sai ga fili fes. Ga zoben ƙwayar maleriya shuɗi, ga ɗigon jan nan a gefensa, ba sai na matse ido ba. Tsohon ƙwan haskensa rawaya ne, sai an sa masa shuɗin gilashi launi ke daidaita, shi kuwa hasken gajimare fari yake zuwa. Yaron ya samu magani a ranar. Duk abokin aikin da na gamu da shi a makon sai na ce masa ya saya.

Masu kukan ba ya haske, yawanci fuskar mai rami suke haɗawa da kwandensa. Ita da kanta take tattara haske, an yi ta ne don na'urar da ba ta da kwandensa. In akwai kwandensa, shafaffiyar ake so. Kuma kada a kuskura a saita shi da ƙwayar rana, yana iya ƙona ido. Ko 'yar takardar gargaɗi babu a kwalin, alhali ɗalibai ne suka fi amfani da irinsa. Wannan ganganci ne.

To amma mariƙin nan! Tun ana ɗan lallaɓa shi, yanzu ya saki gaba ɗaya. Ka gama saita haske, ka taɓa abin daidaita gani, sai madubin ya sunkuya kamar mai gyangyaɗi, fili ya yi baƙi kana tsakiyar ƙirga ƙwayoyi. A 10x ana iya haƙuri, a 100x kuwa ko kaɗan ya goce aiki ya tsaya. Na ɗaure sukurun, zaren ya cinye. Da ɗan guntun roba nake tokare shi yanzu.

Ga kuma baƙaƙen ɗigo da suka fara cin gefensa. Fentin da ke mayar da hasken a bayan gilashi yake, bakin kuwa ba a liƙe shi da kyau ba, danshi ya samu hanya. Tsakiyar da sauranta, amma kullum ƙara matsowa suke.

Na nemi a sayar min da mariƙin kaɗai, aka ce sai dai in sake sayen duka. Na daina ce wa mutane su saya. Wanda ya matsu, ya girgiza mariƙin a hannunsa ya duba bakin gilashin tun bai biya ba.