Akurkin ƙarfe na masu waldan Garwa, ya yi amma sai an gyara rufin

Masu tambayata akan akurkin ƙarfen nan da masu walda suke haɗawa anan Garwa ta ƙasar Kamaru, toh gaskiya ya yi, kuɗina bai tafi a banza ba duk da ya fi na katako tsada sosai. Amma akwai abu biyu da sai kun tsaya kai da fata an gyara kafin ku bada cikon kuɗi.

Ni dama saboda maƙwabta na siye shi. A kartiyenmu, wato unguwarmu, gidaje manne suke da juna, katanga gajera, kaza kuma bata san gidan wani ba, da an buɗe mata da safe sai ta haura ta faɗa shanyar masarar mutane ko ta tone musu shukar yakuwa, mafi muni kashin da take bari a wurin alwala. Inna ta gidan kusa damu bata taɓa kai ni wajen jauro, wato mai unguwa, ba, sai dai ta leƙo tace "'yata kiyi haƙuri, kajinki sun sake shigowa." Wallahi tsohuwa ta baki haƙuri akan ɓarnar da dabbarki tayi mata, wannan ya fi faɗa ciwo.

Akurkin akan ƙafafu yake, ya ɗaga daga ƙasa, an zagaye shi da giriyaj, wato ragar waya, mai ƙananan ido yadda ƴan tsaki basa fita ɓera kuma baya shiga, muzuru da shirwa sai dai su kalla. Amma abinda yasa nake yabonsa shine farantin kwano da aka sa a ƙasa wanda ake jawowa kamar durowa. Duk kashin nan yake zuba. Ina shimfiɗa ɓuntun shinkafa irin wanda ake kawowa daga wajen Lagdo, in barbaɗa toka akai, kashin ya bushe babu wari babu ƙuda, kuma duk mai kiwo ya sani jiƙaƙƙen kashi ne yake wari, musamman a watan Agusta da ruwa baya ɗaukewa, lokacin ne maƙwabci zai fara rufe tagarsa yana gaishe ki sama-sama. Yanzu a buhu nake tarawa, ɗan Inna mai lambu a bakin Binuwai ya zo ya kwashe yayi taki dashi.

Rufin kam bai yi ba. Kwano ne tsirara kuma yayi ƙasa da yawa, a garin da zafin Maris da Afrilu yake wuce digiri 40. Kaza bata gumi, sai kiga ta buɗe baki ta saki fukafukai tana haki, ƙwai ya tsaya, in ba'a yi wasa ba a rasa ta. Zana na ɗora a sama na matsar dashi ƙarƙashin dalbejiya sannan suka samu sauƙi. Kuce wa mai waldan ya ɗaga rufin ya bar wurin shigar iska tun farko. Na biyu giriyaj ɗin siriri ne, duk inda wutar walda ta taɓa shi ya ƙone, damina ɗaya tsatsa ta fara ci daga nan, gara a danne shi da ƙarfe a ɗaure da noti a shafa fenti.

Kuma kar ku yarda da yawan kajin da za'a ce muku yana ɗauka, ku rage rabi. In sun matsu tsattsagar juna suke yi.

Zakara fa akurki baya hana shi cara. Guda ɗaya na bari, kuma na ajiye akurkin nesa da tagar ɗakin kwanan maƙwabta, don akwai mai aikin dare a gidan bayanmu da yake buƙatar barcinsa. Kullewa kuma bata hana annobar kaji ta Newcastle da take kwashe su lokacin hunturu, sai rigakafi. Alhamdulillahi LANAVET, cibiyar gwamnati mai binciken lafiyar dabbobi, tana nan garin Bokle kusa damu tana haɗa maganin rigakafin dabbobi, kwalba ɗaya ta fi ƙarfin kajin gida ɗaya kuma in an buɗe bata ajiyuwa, shi yasa muke haɗa kuɗi da matan layinmu ayi wa kajin kowa rana ɗaya, don in na maƙwabciyarki suka kamu naki ma basu tsira ba.

Ku sa a lissafi kuma cewa kazar da aka kulle bata kiwo da kanta, dusa da tsaki da ganye duk a kanki suke, ruwa kuma kar ya yanke ko na awa ɗaya da rani. Sannan ku auna ƙofar zaurenku kafin ayi aikin, a haɗe yake zuwa ba'a kwance shi, in zauren ƙunci gare shi kuce mai waldan ya zo da kayansa ya ƙarasa haɗawa a tsakar gida.