Wata takwas da ƙwayar roba a idon dama

Wata takwas ke nan da aka yi mini aikin yanar ido a wani asibiti na nan Maraɗi, aka sa mini ƙwayar roba a idon dama. Ina rubuta wannan ne saboda tsarana da yawa suna zaune da yana a gida don tsoron a bar musu baƙon abu a cikin ido. Ni ma na shekara biyu da wannan tsoro, har na kai sai ta murya nake gane mai gaishe ni a hanyar masallaci.

Abin da likita ke cirewa shi ne ƙwayar asali wadda ta yi fari, ya bar siririyar jakar da take ciki, sannan ya zaunar da ta roba a gurbinta. Tawa irin mai taurin nan ce da ake kira PMMA, faɗinta wajen milimita 6, da ƴan hannuwa biyu lanƙwasassu da ke riƙe ta. Da na tambaya ko jiki ba zai ƙi ta ba, sai likitan ya ce, "Baba, wannan robar ta girme ni," ya ba ni labarin Harold Ridley, likitan ido a Ingila, wanda ya lura a yaƙin duniya na biyu cewa ɓarɓashin murfin jirgin yaƙi yana zama a idon matuƙa ba tare da kumburi ba. Da irin wannan roba ya dasa ƙwaya ta farko a asibitin St Thomas na Landan a 1949. Abin da ya kawo ta inda talaka zai iya saye kuwa shi ne masana'antu irin Aurolab na Madurai a Indiya, wanda ya fara ƙera ta da araha a 1992.

Aikin bai kai rabin awa ba, kuma ban da allurar kashe zafi ban ji ciwo ba. Washegari da aka cire bandeji, na ga zanen tabarmar ɗakina da na manta tana da launi. Har yau ba na jin akwai wani abu a cikin idon, ko da zafin bazara, ko lokacin alwala.

Inda nake da ƙorafi shi ne bayani. Wannan ƙwaya tazara ɗaya take gani, ba ta sauyawa tsakanin nesa da kusa kamar ta yaro, kuma ba wanda ya gaya mini haka kafin aiki. Ranar da na buɗe Alƙur'ani na ga baƙaƙen sun dushe, hankalina ya tashi ƙwarai, na ɗauka aikin ya lalace, alhali tabarau na karatu kawai nake buƙata. Da an yi mini magana ɗaya tun farko, da ta ishe ni. Haka nan fitilun kabu-kabu suna ɗan kashe mini ido da dare, ko da yake abin ya ragu.

Makonnin farko suna son haƙuri: ɗiga magani a kan lokaci, sallah a zaune na ƴan kwanaki, da kare ido daga ƙura, wadda ba ta da sauƙi a garinmu idan hunturu ya kama. Wanda zai yi aikin ya tabbata an auna idonsa kafin a zaɓi ƙarfin ƙwayar, ya kuma san cewa jakar da aka bari tana iya yin hazo bayan shekaru, wanda ake gyarawa da hasken leza cikin mintoci. Akwai ƙwaya mai laushi da ake naɗewa a shigar ta ƙaramar tsaga, amma ta fi tsada, kuma ban yi nadamar mai taurin ba.

Idon hagu ma ya fara yana, na riga na karɓi ranar awo, kuma zan tafi da amininmu Malam, wanda ya shekara uku jikansa yana yi masa ja-gora.