Wace kalkuleta za ka saya wa ɗan babbar sakandare (SHS) a Kumasi?

Iyaye, idan lokacin sayen kalkuleta ya yi, ku riƙe tambaya ɗaya ta gwaji: tsani mai mita 10 an jingina shi da bango, ƙafarsa na nesa da bangon da mita 5, ina ya kai a sama? Ka'idar Pythagoras ce. Tsanin shi ne gefe mafi tsawo, mai fuskantar kusurwar digiri 90. Goma sau goma 100, a cire biyar sau biyar 25, saura 75, sai a nemo lambar da in an ninka ta da kanta za ta ba da 75.

Nan Casio fx-991ES Plus ta yi wa sauran zarra. Yaro zai danna √(10²−5²) yadda yake a littafinsa, ta fito masa da 5√3, irin amsar da takardar WASSCE, jarrabawar kammala sakandare, kan nema. In ana son lamba, maɓallin S⇔D ya mayar da ita 8.66. Ga batir, ga hasken rana, ga murfi mai zamewa da ke kare fuskarta a cikin jaka. Ɗaya tana iya raka yaro har jami'ar KNUST.

Ita fx-82MS tana da ƙwari da sauƙin kuɗi, amma 8.66 kawai ta sani. Ta cikin waya kuwa a manta da ita, ba a shiga zauren jarrabawa da waya.

Babban abin tsoro jabu. Ko shagunan Adum ka nufa ko kasuwar Kejetia, kada kwali ya ruɗe ka, masu jabu sun iya kwali. Wani mai tebur ya sayar wa 'yata guda, ana tsakiyar zango maɓallin x² ya daina amsawa, yarinya ta dawo gida da hawaye. Don haka ka sa a buɗe a gabanka. Danna lambobi da sauri ka ga ko tana tsallake wasu. Karkata fuskar, ta jabu rubutunta kan dushe. Shafa maɓallan, na asali ba sa rawa. Gwada √(13²−5²), dole 12 ta fito. In mai kaya ya ce "Alhaji, sabuwa ce, ba a buɗewa," ka yi masa sallama. Farashin da ya faɗi ƙasa warwas shi ma shaida ne. Ka karɓi rasit mai sunan shago, ka kuma tambayi malamin lissafi irin wadda aka yarda a shiga da ita jarrabawa kafin ka biya.